Shekarun Jira: Andrei Tarkovsky da Hukumar Finafinan Tarayyar Sobiyet, 1962–1986

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwa da ayyukan Andrei Tarkovsky (1932–1986), daraktan fim ɗan ƙasar Rasha wanda ya bar cikakkun finafinai bakwai kacal cikin shekara 24. An saba kallon tarihinsa a matsayin labarin haziƙin da gwamnati ta danne. Maƙalar ta nuna cewa alaƙarsa da hukumar finafinan Tarayyar Sobiyet ta fi haka sarƙaƙiya, domin hukumar da ta riƙa tsare finafinansa ita ce kuma ta riƙa biyan kuɗin shirya su. Babbar asarar da ta jawo masa ita ce ta shekarun da ya ɓatar yana jiran izini, alhali lokaci shi ne ginshiƙin fahimtarsa ta sana'ar fim. An bi finafinan ɗaya bayan ɗaya, daga na 1962 zuwa na 1986, sannan aka duba abin da wannan tarihi zai iya haskawa game da harkar fim a Afirka ta Yamma da ƙasar Hausa.

Fitilun Kalmomi: Tarkovsky, Goskino, Mosfilm, tace finafinai, lokaci, gudun hijira

1.0 Gabatarwa

A ranar 10 ga Yuli, 1984, Andrei Tarkovsky ya zauna gaban 'yan jarida a birnin Milan na ƙasar Italiya, ya shelanta cewa ba zai sake komawa Tarayyar Sobiyet ba. Yana da shekara 52, ɗansa ƙarami na Mosko an hana shi fita, kuma shekara biyu da rabi ne kawai suka rage masa a duniya. Babban ƙorafin da ya daɗe yana yi shi ne an bar shi zaune ba aiki, ta yadda cikin sama da shekara ashirin finafinai biyar kaɗai ya samu damar yi a ƙasarsa.

Wannan ƙorafi shi ne mashigar maƙalar. Tambayar da ta sa a gaba ita ce: me tsarin da gwamnati ke riƙe da kuɗi da kayan aiki da gidajen sinima ya ba wannan darakta, me kuma ya karɓe masa?

2.0 Asali da Tasowa

An haifi Tarkovsky ranar 4 ga Afrilu, 1932, a ƙauyen Zavrazhye da ke kusa da garin Yuryevets a gaɓar kogin Volga. Mahaifinsa, Arseny Tarkovsky, mawaƙi ne kuma mai fassara waƙoƙi. Mahaifiyarsa, Maria Vishnyakova, ta yi karatun adabi, amma ta ƙare rayuwar aikinta tana duba kurakuran rubutu a wata maɗaba'a ta Mosko. Uban ya bar gidan tun Andrei da ƙanwarsa Marina suna ƙanana, daga baya ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya rasa ƙafa ɗaya. Uwar ce ta yi renon yaran, ta gudu da su Yuryevets lokacin yaƙi, suka dawo Mosko a 1943. Gidan katako a bakin daji, da uwa mai jiran mijin da ba zai dawo ba, da muryar uba mai karanta waƙa, duk sun sake bayyana a finafinansa.

A 1951 ya shiga Cibiyar Nazarin Ƙasashen Gabas ta Mosko, inda ya fara koyon Larabci, amma bai kammala ba. A 1953, shekarar da Stalin ya mutu, ya bi ayarin masu binciken ma'adinai zuwa yankin kogin Kureika a Saiberiya. Da ya dawo a 1954 sai ya samu gurbi a VGIK, babbar makarantar koyon fim ta ƙasar, a ajin Mikhail Romm. Ya shigo a daidai gaɓar da Khrushchev ya fara sassauta ƙuncin zamanin Stalin, ɗalibai suka samu damar kallon finafinan Italiya da Faransa da Japan. Fim ɗinsa na kammala karatu, wanda ya rubuta tare da abokinsa Andrei Konchalovsky, labari ne na abota tsakanin yaro mai koyon goge da direban motar daɓe titi.

3.0 Tsarin Shirya Fim a Tarayyar Sobiyet

A Tarayyar Sobiyet babu ɗan kasuwa mai zuba jari a fim. Kamfanonin shirya finafinai, waɗanda Mosfilm ya fi su girma, mallakar gwamnati ne, haka gidajen sinima da ma'aikatun wanke fim. Daga 1963 aka ɗora ragamar harkar a hannun kwamitin da ake kira Goskino, wanda Alexei Romanov ya shugabanta har 1972, sannan Filipp Yermash ya gaje shi har 1986.

Kafin fim ya isa ga mai kallo sai ya ratsa ƙofofi da dama. Za a amince da rubutun labari, a ware kuɗi da tsawon zaren fim da za a yi amfani da shi, majalisar masu fasaha ta kamfanin ta duba abin da aka ɗauka, sannan Goskino ta karɓa ko ta mayar da shi da jerin gyare-gyare. Bayan karɓa akan sanya fim a wani aji, kuma ajin ne ke fayyace yawan kwafin da za a buga, da irin gidajen da za a nuna shi, da ladan da darakta zai samu. Fim ɗin da aka ƙi kuwa ba a ƙona shi, akan ajiye shi ne a kan kanta, ya yi ta shan ƙura.

Wannan tsari na da fuska biyu. Darakta ba ya neman mai saye kafin ya fara aiki, kuma asarar kasuwa ba ta rufe masa ƙofa nan take. Sai dai kamar yadda Hausawa ke cewa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasu sun ɗanɗana fiye da Tarkovsky. Alexander Askoldov fim ɗaya tak ya yi a 1967, aka kulle shi shekara ashirin, shi kuma aka kore shi daga sana'ar. Sergei Parajanov ya yi zaman kurkuku daga 1973 zuwa 1977. Tarkovsky ba a taɓa ɗaure shi ba, kuma duk finafinansa biyar na gida sun fito yana raye. Hukuncinsa shi ne jira.

4.0 Finafinan Mosfilm

4.1 Ivanovo Detstvo (1962)

Fim ɗinsa na farko, wanda sunansa ke nufin ƙuruciyar Ivan, gado ya yi. Wani darakta, Eduard Abalov, ya fara shi, Mosfilm ba ta gamsu ba, sai aka miƙa wa Tarkovsky da ragowar kuɗin. An ciro labarin daga gajeren ƙagaggen labari na Vladimir Bogomolov, game da maraya ɗan shekara 12 da ke yi wa sojojin Sobiyet leƙen asiri a bayan dagar Jamusawa. Tarkovsky da mai ɗaukar hotonsa, Vadim Yusov, sun saƙa mafarkan yaron cikin labarin: rijiya, da uwa, da mota cike da tuffa cikin ruwan sama. Ta haka fim ɗin ya nuna yaron da yaƙi ya riga ya cinye tun kafin a kashe shi. Ya lashe Zakin Zinare a bikin finafinai na Venice a 1962, kuma da wasu 'yan gurguzun Italiya suka soke shi, Jean-Paul Sartre ne ya rubuta wasiƙa yana kare shi. Yana ɗan shekara 30 ya zama abin alfaharin ƙasa a waje, wanda hakan ya zame masa garkuwa, ya kuma jawo masa sa ido.

4.2 Andrei Rublev (1966)

Da wannan suna ya samu amincewar yin gagarumin fim kan Andrei Rublev, ɗan zuhudun coci da ya shahara da zanen hotunan addini a farkon ƙarni na 15. An ba shi dawaki da ɗaruruwan mutane da damar ɗauka a tsofaffin garuruwa irin su Vladimir da Suzdal. Abin da ya kawo a 1966 fim ne na minti 205, cike da yunwa da harin Tatar da cin amanar sarakuna, inda mai zanen ya kashe mutum don ya ceci wata mata, ya kuma yi alwashin daina magana da zane. A kashi na ƙarshe, wani matashi mai suna Boriska ya yi iƙirarin cewa mahaifinsa ya bar masa sirrin zuba ƙararrawa, basarake ya ba shi ma'aikata da azurfa, da sanin cewa in ƙararrawar ba ta yi amo ba, kansa ne a bakinta. Sai bayan ta yi amo ya fashe da kuka, ya faɗa wa Rublev cewa uban bai gaya masa komai ba. Da wuya a samu hoton da ya fi wannan bayyana matsayin mai fasaha a ƙarƙashin mai mulkin da ke biyansa.

Hukuma ta ga tsananin zubar da jini, da tarihin da bai ɗaukaka al'umma ba, da addini a ƙasar da aƙidarta ta hukuma ke musun samuwar Ubangiji. Tarkovsky ya rage tsawonsa zuwa kimanin sa'a uku, ya ƙi ƙarawa. Aka ɗora fim ɗin a kan kanta. A 1969 an nuna shi a bikin Cannes a wajen gasa, ya kuma samu lambar yabon ƙungiyar masu sharhin fim ta duniya. 'Yan ƙasarsa ba su gan shi a sinima ba sai a Disamba 1971. Tsawon shekara huɗu bayan kammala shi daraktan bai tsaya bayan kyamara ba, kuma kundin ajiyar tunaninsa, wanda ya fara rubutawa a 1970, cike yake da lissafin bashi.

4.3 Solaris (1972) da Zerkalo (1975)

A 1968 ya miƙa rubutun wani fim game da mahaifiyarsa, aka ƙi. Sai ya karkata ga littafin marubucin Foland, Stanisław Lem, domin labarin sararin samaniya ya fi sauƙin shiga a idon hukuma. Amma a hannunsa Solaris ya koma labarin mutumin da wata duniya mai teku ta dawo masa da siffar matarsa da ta kashe kanta, ya rasa inda zai sa nadamarsa. An ba shi gyare-gyare fiye da talatin, ciki har da cire duk wata ishara ga Ubangiji. Ya yi 'yan kaɗan, aka karɓi fim ɗin, aka tura shi Cannes, ya dawo da babbar lambar yabo ta alƙalai.

Wannan nasara ce ta sa Yermash ya amince a 1973 da rubutun da aka ƙi a baya, wanda ya zama Zerkalo, wato madubi. Fim ne da ba ya bin jerin labari, yana kai-komo tsakanin ƙuruciya da girma da hotunan labaran yaƙi. Margarita Terekhova ta fito a matsayin uwa da kuma mata, mahaifiyar daraktan ta fito da kanta, mahaifinsa ya karanta waƙoƙinsa da muryarsa. A wata fitowa, uwar ta sheƙa a guje cikin ruwan sama zuwa maɗaba'a saboda zargin da take yi cewa ta bar kuskuren baƙi ɗaya a wani bugu na gwamnati, kuskuren da a zamanin Stalin zai iya kai mutum ga halaka. Hukuma ta ce talaka ba zai gane fim ɗin ba, ta sa shi a ƙaramin aji, ta buga kwafi kaɗan, ta hana a kai shi Cannes. Sai ga wasiƙu daga ma'aikata da malaman makaranta suna cewa ƙuruciyarsu suka gani, kuma da irin waɗannan wasiƙu ya buɗe littafin da ya rubuta daga baya.

4.4 Stalker (1979)

Nan ne fuskoki biyu na tsarin suka fi fitowa fili. An gina fim ɗin kan littafin 'yan'uwan nan biyu, Arkady da Boris Strugatsky. Wani ja-gora ne ke kai marubuci da masanin kimiyya cikin wani haramtaccen yanki, inda aka ce akwai ɗakin da ke cika wa mutum burin da ya fi ɓoyuwa a zuciyarsa, amma da suka isa bakin ƙofa babu wanda ya shiga. A 1977 aka yi ɗauka a kusa da Tallinn ta Estoniya, a kangon tashoshin lantarki na kogin Jägala. Da aka wanke zaren fim na Kodak da aka yi amfani da shi, sai aka tarar aikin watanni ya lalace. Tarkovsky ya rabu da mai ɗaukar hoto Georgy Rerberg, ya kuma gamu da bugun zuciya a Afrilu 1978. A hannun ɗan kasuwa, da a nan maganar ta mutu. Goskino kuwa ta yarda a mayar da fim ɗin kashi biyu, wanda ya ba da hujjar ƙarin kuɗi, aka sake ɗauka da Alexander Knyazhinsky. A 1980 ma an ba daraktan lambar girmamawa ta mai fasahar jama'a ta Jamhuriyar Rasha. Amma a cikin waɗannan shekaru burinsa na yin fim kan Dostoevsky, da rubutun da ya yi kan marubucin Jamus Hoffmann, duk ba su kai ga kyamara ba.

5.0 Lokaci a Matsayin Kayan Aiki

Tsohuwar makarantar fim ta Sobiyet, wadda Sergei Eisenstein ya jagoranta a shekarun 1920, ta ɗauka cewa ma'ana na fitowa ne daga karon da hoto ke yi da hoto idan an yanka an haɗa. Tarkovsky ya saɓa wa wannan. A littafinsa da ya fara fitowa da Jamusanci a 1985, ya bayyana cewa abin da kyamara ke kamawa shi ne lokaci kansa, kuma aikin darakta kamar na masassaƙi ne da ke cire abin da ba ya buƙata daga gungume har siffa ta fito. Shi ya sa yakan bar kyamara ta daɗe kan ruwa mai gudana ko iska a cikin ciyawa ko fuskar mai tunani, har mai kallo ya ji nauyin daƙiƙu a jikinsa.

Irin wannan aiki na da tsada. Doguwar ɗauka na buƙatar kwanaki na gwaji, kuma kuskure ɗaya na ɓata zare mai yawa. Gwamnatin da ba ta lissafin riba a kowane fim ce ta iya ɗaukar nauyin wannan salo. Ke nan hukuma ta saya masa mintunan da ke cikin fim, ta kuma ci masa shekarun da ke tsakanin fim da fim.

6.0 Gudun Hijira

A 1982 aka ba shi izinin tafiya Italiya don yin Nostalghia tare da marubuci Tonino Guerra. Mosfilm ta janye daga haɗin gwiwar, gidan talabijin na RAI ya ɗauki nauyi. Labarin wani mawaƙi ne Barashe da begen gida ya hana shi ganin kyan Italiya, kuma a ƙarshensa Oleg Yankovsky ya ratsa busasshen tafkin wanka na Bagno Vignoni riƙe da kyandir, a ɗauka guda ta kimanin minti tara. A Cannes ta 1983 ya raba lambar yabo da Robert Bresson, amma ya yi imanin cewa wakilin Sobiyet a cikin alƙalai, Sergei Bondarchuk, shi ya hana shi babbar lambar. Ya nemi a tsawaita masa zama a waje, a kuma bar ɗansa ya zo, aka ce sai dai ya dawo Mosko a tattauna. Abin da ya kai ga taron Milan ke nan. Daga nan aka daina ambaton sunansa a jaridun ƙasarsa.

Turai ta ba shi 'yanci, amma ta koya masa neman kuɗi daga hannu da yawa. Fim ɗinsa na ƙarshe, Offret, wato sadaukarwa, Cibiyar Finafinai ta Suwidin ce ta jagoranci haɗa kuɗinsa da abokan hulɗa daga Faransa da Ingila. An ɗauke shi a tsibirin Gotland a 1985, da Erland Josephson da mai ɗaukar hoto Sven Nykvist, waɗanda duka suka daɗe suna aiki da Ingmar Bergman. Labarin mutum ne da ya yi wa Ubangiji alkawarin rabuwa da duk abin da ya mallaka in aka kawar da yaƙin nukiliya, da gari ya waye lafiya ya cinna wa gidansa wuta. Ranar ɗaukar gobarar kyamara ta cije, gidan ya ƙone a banza, sai da aka sake gina shi aka sake ƙonawa.

A Disamba 1985 likitoci suka gano yana da sankarar huhu, cutar da ta kashe ɗan wasansa Anatoly Solonitsyn a 1982. Sai a Janairu 1986 aka bar ɗansa ya fita, kuma shi ya karɓar masa babbar lambar alƙalai a Cannes a watan Mayu. Tarkovsky ya rasu a Paris ranar 29 ga Disamba, 1986, aka binne shi a maƙabartar Rashawa ta Sainte-Geneviève-des-Bois. A watannin da yake jinya ne masu shirya fim na Sobiyet suka kafa kwamitin sauko da finafinan da ke kan kanta. A 1990 gwamnatin da ya gudu ya bari ta ba shi Lambar Lenin.

7.0 Abin Lura ga Afirka ta Yamma da Ƙasar Hausa

Wannan tarihi bai yi nisa da Afirka ba. A 1962 Ousmane Sembène na Senegal yana koyon fim a Mosko a hannun Mark Donskoy. Souleymane Cissé na Mali ya yi karatu a VGIK, kuma fim ɗinsa Den Muso na 1975 ya jawo masa tsarewa a gida kafin Yeelen ya samu lambar alƙalai a Cannes a 1987. Abderrahmane Sissako na Muritaniya shi ma a VGIK ya yi karatu a shekarun 1980. A 1969, shekarar da aka nuna Andrei Rublev a Cannes, an nuna Cabascabo na Oumarou Ganda ɗan Nijar a wani sashe na bikin.

A ƙasar Hausa an ga hanyoyin biyu. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuɗin gwamnati aka yi shi, kuma irinsa ba su yi yawa ba. Finafinan bidiyo da suka kankama a Kano daga 1990 kuwa a kasuwa suka tsaya da ƙafarsu, inda jari ƙarami ne, dole kuma ya dawo da wuri. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana da ikon hanawa, har ta taɓa dakatar da shirya fim na wasu watanni daga 2007, amma ba ita ke biyan kuɗin shiri ba. Darakta a Kano na fuskantar mai tacewa a gefe guda da gaggawar kasuwa a ɗaya gefen, yayin da Tarkovsky ya tarar da mai tacewa da mai jari a ofis ɗaya. Masu kiran gwamnati ta zuba kuɗi a harkar fim na da hujja, sai dai tarihin Mosfilm ya nuna cewa wajibi ne a raba hannun da ke bayarwa da hannun da ke hanawa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsarin Sobiyet ya horar da Tarkovsky, ya ba shi kayan aikin da kasuwa ba za ta ba shi ba, har ya biya kuɗin sake ɗaukar fim ɗin da ya lalace. Tsarin nan dai ya tsare Andrei Rublev shekara biyar, ya jinkirta Zerkalo shekara biyar kafin ya amince da shi, ya bar wasu rubuce-rubucen suka mutu a takarda, ya kuma raba shi da ɗansa kusan shekara huɗu. Tarkovsky ya yi ciniki da hukuma kamar sauran takwarorinsa, ya rage inda ya ga ragin ba zai taɓa ƙashin bayan aikin ba, ya cije inda ya ga zai taɓa, ya kuma yi amfani da sunan da ya yi a Venice da Cannes a matsayin kariya. Duk mai nazarin tarihin tace finafinai, a Mosko ko a Kano, bai kamata ya tsaya ga ƙirga fitowar da aka yanke ba. Ya dace ya ƙirga har da shekarun da aka yi ana jira, da finafinan da ba a kai ga ɗauka ba.